Ɗan Damagaram a makarantar dusar ƙanƙara

Hunturu ne ya jawo maganar. Muna zaune a fadarmu ta Zango bayan isha'i, a ƙofar gidan da muke haɗuwa tun muna ƴan lakwal, kowa ya ja hula har kunne, an matso kusa da kaskon gawayin shayi. Wani ya ce sanyin bana ya wuce hankali. Na duba waya na ga digiri 14, dariya ta ƙwace mini. Shi ke nan suka yi mini ca: to mutumin Faransa, ba mu labarin naka sanyin.

Abokina direban tifa, mai ɗauko wa magina yashi daga bayan gari, ya miƙo mini wayarsa. Wani ɗan bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp. Gefen tsauni fari fat ya tsage, ya gangaro kamar an juye buhun gari, ya haɗiye wani mai wasan zamiya. Ya ce, "Don Allah aboki, wannan gaske ne ko haɗin kwamfuta?" Na ce masa gaske ne, har makarantarsa na shiga. Abin da na ba su a daren, da wanda ya biyo baya, shi ne na zauna na rubuta.

Karatun ilimin ruwa ne ya kai ni Grenoble. Wanda ya tashi a Damagaram ya yi layin jarka a bakin famfo tun kafin asuba, ba a tambayarsa me ya sa ya zaɓi wannan fanni. Garin a cikin kwari yake, jerin tsaunuka uku sun sa shi a tsakiya, Chartreuse da Vercors da Belledonne. Shekarar farko ta taga nake kallonsu. A ta biyu abokan karatu suka matsa mini, suka ɗaura mini wasu faya-fayan roba a ƙafa, raket suke ce musu, masu hana mutum nutsewa cikin dusar ƙanƙara, muka yi yawon wuni guda a daji. Na tura hotuna gida. Inna ta yi ta salati. Baba kuwa kira ya yi. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas ta hanyar Tanut, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba.

Ya ce, "Wa ya san hanya a cikinku?"

Na ce, "Baba, duk ɗalibai ne."

Ya ɗan yi shiru. "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. In ba za ka bari ba, nemi wanda ya san abin ya koya maka."

Cikin makon na rubuta sunana a wata ƙungiyar masu hawan tsauni, irin waɗanda ba a rasa su a garuruwan yankin. Dare biyu a aji, wuni biyu a kan tsauni, kayan aiki na aro.

Mu kusan ashirin ne a ɗakin: ɗalibai, wata ma'aikaciyar jinya, wasu ma'aurata, da wani dattijo da ya ce shekara arba'in yana hawa bai taɓa zaman aji ba, jikarsa ce ta tilasta masa. Malamarmu jagorar tsauni ce, za ta yi shekara hamsin, rana da iska sun gasa mata fuska kamar ta makiyaya. Da labarin Val d'Isère, wani garin wasan zamiya a tsaunukan Faransa, ta fara. Ranar 10 ga Fabrairun 1970 da safe, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta faɗa wa wani masaukin matasa ana cikin karin kumallo, mutum 39 suka rasu. Bayan wannan ne aka kafa ƙungiyar ANENA a 1971, mazauninta nan Grenoble, tana koyar da jama'a tana kuma ƙidayar haɗurra duk shekara. Wajen mutum 30 abin ke ci a shekara a Faransa, kuma yanzu yawancinsu ba a cikin gida yake samunsu ba, mutane ne da suka bar filayen wasan da ake kula da su suka shiga daji, kamar yadda muka yi da raket ɗinmu.

Ni da tunanin aradu na shigo ajin, abin da ke faɗo wa mutum daga sama in kwanansa ya ƙare. Sai ta ce a cikin haɗurra goma, wajen tara mutumin da abin ya ci ne ya tayar da zaftarewar da nauyin jikinsa, ko kuma wani abokin tafiyarsa. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu.

Daga nan ta koya mana karanta sanarwar hukumar yanayi ta Météo-France, wadda ke fitowa kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma lokacin sanyi, kowane jerin tsaunuka da tasa. Ma'aunin haɗari daga 1 ne zuwa 5, ƙasashen Turai sun haɗu a kansa tun 1993. Na ɗauka 5 ce mai kisa. Ashe 3 ce ta fi cin rai, kusan rabin mace-macen a ranakun 3 suke faruwa. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ranar 5 kowa na gida. Ranar 3 gari ya yi wasai, rana ta fito, mutum ya ce ai tsaka-tsaki ne, ya ɗauki jaka. Ta ce lambar kanun labari ce kawai, labarin yana ƙasa: gangaren da ke kallon wane ɓangare ne ke da matsala, daga tsawon mita nawa, iska daga ina ta kaɗa jiya. Ta ɗora mana aikin karanta sanarwar kullum ko da ba inda za mu. Ni bayan la'asar nake karanta tawa, har ta zame mini jiki.

Sai maganar karkata. Gangaren da bai kai digiri 30 ba da wuya ya zaftare da kansa. Tsakanin 30 da 45 nan ne gidan abin. Taswirar hukuma ta intanet tana shafa wa irin waɗannan wurare launi, daga rawaya zuwa ja, amma ta nuna mana yadda ake aunawa da sandunan tafiya biyu. Ka kwantar da ɗaya a kan gangaren ta bar sawu, ka ɗaga kanta na ƙasa ka bar tsininta a sama inda yake, ka rataya ɗayar a jikinta ta sauko a miƙe kamar igiyar guga. In ta sauka daidai ƙarshen sawun, 30 ke nan. In ta wuce shi ta ƙasa, ka shiga inda ake tsoro.

A nan direban tifa ya tare ni. Ya ce, "To ita ƙanƙarar me ke sa ta zame? Ba daskarewa take ba?"

Baki bai isa ya yi bayanin ba, sai na jawo wani kwali na ɗora wayata a kai na karkata shi. Waya ta tsaya. Na ɗebi sukari a gwangwanin mai shayi na barbaɗa a kwalin, na sake ɗora wayar na karkata a hankali. Ta tsaya dai. Na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, sai ta sulale ta faɗa cinyar wani. Mai shayi ya ce sukarin dala ashirin na zubar, kuma sai na biya.

Abin ke nan. Dusar ƙanƙarar kan tsauni ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take, kowace zuba da shimfiɗarta. Ƙasa tana riƙe ɗuminta kusa da digiri sifili, iskar sama kuwa a daren da babu gajimare tana yin sanyi ƙwarai. In shimfiɗar ba ta da kauri, wannan bambanci kan sa tururi ya riƙa tasowa daga ƙasa zuwa sama, ƙwayoyin su rikiɗe su zama masu kusurwa, ba sa kama juna, kamar sukari ko gishiri mai tsakuwa. Daga baya sabuwa ta zubo ta rufe su. Iska ta kwaso wata daga bayan tsauni ta danƙare a ɓangaren da ke ɓoye mata, yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga. Sai a sami ɓawo mai tauri, faɗinsa ya fi filin ƙwallo, yana zaune a kan sukari. Daga sama ba ka ganin komai sai fari mai kyau. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shimfiɗar ƙasan, karayar ta ruga ta ko'ina, ɓawon ya taho gaba ɗaya, cikin ƴan daƙiƙoƙi gudunsa ya wuce kilomita 100 a awa.

Ranar Asabar aka kai mu Col de Porte, wata mashiga tsakanin tsaunukan Chartreuse mai tsawon mita 1,326, a gindin tsaunin Chamechaude mai mita 2,082. Tun a wurin ajiye motoci aka raba mana kaya uku. Na farko wata na'ura ce da ba ta fi sabulun wanki girma ba, De-Ve-A suke kiranta, ana ɗaure ta a ƙirji ƙarƙashin rigar sanyi. Tana aika sigina ba tsayawa a kan zangon kilohaz 457, kowane kamfani ya ƙera ta zangon ɗaya ne, kuma in an juya maɓalli sai ta koma mai neman ƴar'uwarta. Na biyu doguwar sanda ce mai gaɓa-gaɓa, in an haɗa ta takan kai mita 2.4. Na uku shebur na ƙarfe. Kamar duwatsun murhu suke, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Malama ta tsaya a bakin hanya, kowa ya wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya tana duba ko na'urarsa na aika sigina. Ta ce haka ake yi duk fita, ko da da mijinka ne kuka fito.

Kafin a fara ta ba mu lissafin da ya sa ake wannan wahala. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, wajen tara cikin goma ana samunsu da rai. In an kai minti 35, sai wajen uku cikin goma. Rashin iska ke kashe yawancinsu. Za ka kira 112, lambar agajin gaggawa, jandarmomin tsauni za su taso da jirgi mai saukar ungulu, amma kafin su iso lokacin ya tafi. Wanda kuka fito tare shi ne asibitinka.

Ta binne jakar baya da na'ura a ciki, zurfin kamar mita ɗaya, a wani fili da aka tattake aka hargitsa. Aka ce ni ne shugaban rukunin farko. Ta danna agogo.

Abin da na yi kunya ce, amma zan faɗa. Na juya tawa zuwa nema na ruga a guje, ban tsaya na umarci sauran su juya nasu ba. Kibiya ta nuna hagu, na bi, lamba na raguwa, 12, 8, 3, ina murna, sai na tsinci kaina tsaye a gaban dattijon nan mai shekara arba'in a tsauni, na'urarsa na ta aika sigina daga ƙirjinsa. Minti uku sun tafi. Na koma, sai lambobi suka riƙa tsalle. Wayata ce a aljihun gaba, ga shi an ce a nisanta ta da na'ura da santimita 20 in ana aikawa, 50 in ana nema. Da na matso kusa, maimakon in sunkuya in kai na'urar dab da ƙasa in ja ta a miƙe gaba da baya, sannan dama da hagu ba tare da juya ta ba, sai na riƙa karkaɗa ta kamar mai neman layin waya a ƙauye. Da ƙyar na sami inda lamba ta fi ƙanƙanta. Na fara caka sanda, ana tazarar santimita 25 tsakanin caka da caka, ana zagayawa daga tsakiya zuwa waje. Hannu ne ke gane abin da ta taɓa. Dutse na cewa ƙas, ƙasa na riƙe tsinin, jaka ko jikin mutum kuwa da ɗan taushi mai turowa. Da na ji taushin na zare sandar don murna, alhali barinta ake yi a wurin ta zame maka alama.

Tono kuwa na ɗauka nawa ne. Ni da na yi noma, na haƙa ƙasar bulo tun ina yaro, wa zai koya mini shebur? Na tsaya daidai kan wurin na fara haƙa kamar mai gina rijiya. Malama ta ce, "A kan ƙirjinsa kake tsaye. Ƴar iskar da ta rage masa a gaban fuska, ka danne ta." Daga ƙasan gangare ake farawa, a ja baya da kamar zurfin sau ɗaya da rabi, a shiga ta gefe. Kuma dusar da ta zaftaro ba irin mai laushin nan ba ce, da ta tsaya take danƙarewa kamar siminti, sai an sara ta gunduwa-gunduwa. Mutumin da ke zurfin mita ɗaya, sai an kwashe abin da ya fi tan guda kafin a kai gare shi. Don haka gayya ake yi: ɗaya a gaba yana sara, biyu a bayansa suna turawa, wasu a bayansu suna sharewa, ana juyawa kafin na gaba ya gaji. Da jakar ta fito ta duba agogo. Minti 19. Ta ce, "Gawa ka tono." Ba da faɗa ta faɗa ba, ta sake binne jakar.

Sau huɗu muka maimaita. A na ƙarshe minti 7 muka yi, ni da hannuna na share wa jakar "baki da hanci", don shi ne farkon abin da ake yi in an kai ga fuska. Na yi alwala da ruwan ɗumin da ke cikin flas ɗina, na shimfiɗa rigar ruwa a gindin wata bishiya na yi azahar, yatsuna ba sa jin komai.

Da yamma muka haƙa rami har ƙasa don ganin cikin shimfiɗar. Wannan ne ya fi burge ni, watakila don ya yi kama da karatuna. Ta gyara bangon ramin da shebur ya yi sumul, sai ga layuka sun fito, yadda mahaƙa rijiya ke nuna maka inda jar ƙasa ta ƙare yashi ya fara. Ana gwada taurin kowane layi da hannu: wanda dunƙulen hannu ke shiga, wanda sai yatsu huɗu, wanda sai yatsa ɗaya, wanda sai fensir, wanda sai wuƙa. Na bi da yatsa daga sama. Tauri, tauri, sai a wajen santimita 60 yatsan ya faɗa wani wuri kamar babu komai. Na ɗebo a tafin hannu, na yi ƙoƙarin dunƙula shi ya ƙi, ya zube ta tsakanin yatsuna yana ƙyalli. Ta ce wannan sanyin farkon Disamba ne, sama da wata guda yana kwance a nan.

Ta yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30 kowane gefe, ta ɗora bakin shebur a kansa. Duka goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. A na 13 saman ginshiƙin ya zamo gaba ɗaya, sumul, kamar an jawo aljihun tebur, daidai kan layin nan. Kowa ya yi tsit. Amma ta gargaɗe mu kada mu ɗauki rami kamar bokan da zai faɗa mana gobe. Labarin inda aka haƙa shi kawai yake bayarwa, taku goma daga nan abin na iya bambanta. Rami na iya ce maka kada ka je. Ba ya ba ka izinin tafiya.

Wuni na biyu shi ne wanda ban so bayarwa a fada ba, sai da aka zuba shayi na uku.

Tun daren Asabar muka tsara tafiyar da kanmu, rukunin mutum shida. Sanarwa ta ce 3, iska ta tara dusa a gangaren da ke kallon arewa da gabas can sama. Muka zaɓi wata mashiga a Belledonne, muka ja hanya a taswira inda launi bai taɓa ba, sai wuri ɗaya dab da ƙarshe da dole a bi ta gindin wani gangare. Da safe aka duba na'urori aka kama hanya, tazarar taku goma-goma tsakaninmu. Malama a gaba, dattijo na bin ta, ni ne na biyar.

Muna cikin wani fili shimfiɗaɗɗe sai na ji wuf a ƙarƙashina, kamar an buga babbar ganga a cikin ƙasa. Wurin ya ɗan nutsa da ni, bai fi kaurin yatsa ba. Wata siririyar tsaga ta fita daga bakin raket ɗina ta tafi kamar mita biyu. Na san ko mene ne, ranar Talata aka koya mana. Shimfiɗar sukarin ce ta rushe, iskar cikinta ta fita. Cikin alamun haɗari babu wadda ta fi ta bayyana.

Na ɗaga kai. Malama na tafiyarta, dattijo na bin ta. Na ce a raina, mace mai shekaru a wannan aiki, da tsoho mai shekara arba'in a tsauni, sai ni ɗan Damagaram da ya fara ganin dusar ƙanƙara da gemunsa zan ce a tsaya? Ai sun ji. In ba su ji ba, ai sun san abin da suke yi. Mu da aka rene mu kada mu riga babba magana, kada mu ɗaga murya a bayan malami. Na ja bakina na ci gaba da taku.

A kan wani ɗan tudu mai duwatsu, nesa da gindin gangaren, ta tsaya. Ashe tun jiya ta zaɓi wurin. Ta tara mu ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani tun daga mota. Ma'aikaciyar jinya ta nuna ƙurar dusa da iska ke tayarwa a kan tsauni. Wani ya nuna inda wani gangare mai kallon ɓangare ɗaya da namu ya zaftare a tsallaken kwari, sabo fil. Da aka zo kaina na faɗi abin da na ji.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Zai yi minti biyar."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce ita tana gaba da taku arba'in, iska na kaɗa mata a kunne, ba ta da hanyar jin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafata. Ta ce irin wannan karaya tana iya tafiya ta ƙarƙashi daga fili ta hau gangare ta sako shi a kan mutanen da ko taka shi ba su yi ba. Ta lissafa mana tarkunan da ke kama masu ilimin ma: bin wanda ake ganin ya fi kowa sani ido rufe, sabo da wuri, ganin sawun wasu a ce ai an wuce, da ƙin komawa don an riga an sha wahala. Ta ce na farkon ne ya kama ni, kuma yana kama ƴan garin kamar yadda ya kama baƙo. Ƙa'idar rukuni ita ce duk wanda ya ce a koma, an koma, ba a neman ya kawo hujja.

Muka juya, mashigar na gabanmu muna hangenta. Dattijo ya yi ta gunaguni har mota. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: gangaren bai zaftare ba. Muna saukowa muka hangi wasu mutum biyu sun zamo ta kansa suna ihun murna, ba abin da ya same su. Na nuna wa malama. Ta ɗaga kafaɗa ta ce haka abin yake, mai ganganci na iya wucewa sau ɗari lafiya, shi ya sa yake zaton ya iya.

Washegarin hirar fada na sami Baba a zaure yana jan carbi, na ba shi wannan ɓangaren, don ban taɓa faɗa masa ba. Ina zaton zai ce na kyauta da na girmama na gaba. Sai ya ɓata rai.

Ya ce, "Yaron motar da ya ji taya na kuka ya yi shiru don kunyar maigida, ni a Tanut nake sauke shi."

Na ce, "Baba, ai a gida ba haka kuka koya mana ba."

Ya ce, "Gida daban, hanya daban." Ya ci gaba da carbinsa.

Bayan kwana uku direban tifa ya zo ya ɗauke ni, wai in zo in ga inda suke lodi. Wata tsohuwar ƙorama ce a bayan gari, gaɓarta ta fi tsayin mutum biyu. Yashi mai kyau a ƙasa yake, sama kuwa busasshiyar ƙasa ce mai tauri, don haka ta ƙasan suke ci, har gaɓar ta yi musu rumfa. Samari biyar ne a cikin inuwarta, duk a wuri ɗaya, duk shebur ɗinsu na hannunsu. Na sa yatsa a bangon, saman ya ƙi shiga, ƙasan ya zube mini a tafi. Yashi ba dusar ƙanƙara ba ne, mita ɗaya ta kowane gefe ya kai tan ɗaya da rabi. Na zaga na hau sama. Taku biyu daga bakin gaɓar akwai tsaga, hannuna ya shiga har wuyansa.

Mai wurin wani tsoho ne da ya girmi Baba, yana zaune a kan buhu yana ƙirga lodi da tsakuwa. Na sauko na durƙusa na gaishe shi, muka gama gaisuwa har da tambayar iyali da sanyi. Bakina ya yi nauyi kamar ranar nan. Na ce, "Baba, a gafarce ni, akwai tsaga a sama, daidai kan yaran nan."

Ya ce tun damina take nan.

Na ce, "Haka ne, Baba. Ko za a bar mutum ɗaya a ciki, sauran su tsaya daga waje da shebur suna kallon gaɓar?"

Ya dube ni, ya dubi direban tifa, ya tambaye shi ɗan wane ne ni. Da aka faɗa masa ya ce ya san Baba tun yana jan mota. Ya tashi da ƙyar, ya zaga ya hau, ya daɗe tsaye a kan tsagar yana zura sandarsa a ciki. Da ya sauko bai ce mini komai ba. Ya kira biyu daga cikin samarin ya tura su can ɗaya ƙarshen, ukun suka ci gaba da lodi a inda suke, muka cika tifa muka kamo hanyar gari.